Yajin da ba a yi bikonsa ba: The Sisters of Mercy da shekara 30 ba sabon faifai

Idan ka buɗe bidiyon wasan The Sisters of Mercy na 'yan shekarun nan a YouTube, abin da za ka fara gani hayaƙi ne. Ya turnuƙe dandamali kamar an cinna wa juji wuta, fitilu ja da shuɗi suna tsaga shi. Sai can ka hango wani siririn dattijo mai aski ƙwal da baƙin tabarau, yana waƙa da murya mai kauri kamar daga cikin rijiya take fitowa. Dama da hagunsa masu jita biyu. Ganga kuwa tana ta dukan ƙirji, amma duk iya dubanka ba za ka ga makaɗi ba. A can baya akwai wani mutum tsaye gaban kwamfutoci, shi ke kula da na'urar da ke kiɗan. Na'urar tana da suna, Doktor Avalanche, mai kula da ita kuma ana ce masa nas ɗin Dokta.

Dattijon shi ne Andrew Eldritch, haifaffen 1959. Ƙungiyar ta kafu a 1980 a Leeds da ke arewacin Ingila, garin da masu kallon ƙwallo suka sani da Leeds United. Kundin sababbin waƙoƙi uku kacal ta taɓa fitarwa: a 1985, da 1987, da 1990. Sabuwar waƙa ta ƙarshe da ta shiga kasuwa da sunanta ta fito ne a 1993. Daga nan ba a sake jin ɗuriyar faifai ba. Amma rangadi bai tsaya ba, manyan ɗakunan wasa a Turai suna cika, kuma wani babban kaso na abin da ake rerawa a wurin waƙoƙi ne da ba su taɓa fita a faifai ba. A sana'ar da aka ce in ka yi shekara biyu shiru an manta da kai, yaya aka yi wannan ya yiwu? Amsar tana cikin wannan na'urar, da rigimar da aka yi a kan suna, da wata takardar kwantiragi.

Kafin nan bari mu warware kalmar goth, domin ita ake fara ambata duk inda aka kira sunan ƙungiyar. Na san mai karatun da ya ga hoton matasa cikin baƙaƙen kaya, maza da mata sun rambaɗa kwalli, fuska fari fat da hoda, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne 'yan ƙungiyar asiri. Abin bai kai can ba. Asalin kalmar sunan wata ƙabilar Turai ce da ta afka wa birnin Rum a shekara ta 410. Daga baya aka laƙaba ta ga salon ginin manyan coci-coci masu tsini, sannan ga labaran fatalwa da tsofaffin gidaje da aka riƙa rubutawa a Ingila tun ƙarni na 18. A ƙarshen shekarun 1970, da guguwar punk, wani kiɗan jita mai sauri da hayaniya na matasa masu bore, ta fara lafawa, 'yan jaridar waƙa suka ɗauko kalmar suka manna wa ƙungiyoyin da kiɗansu ke da duhu da nauyi, irin su Bauhaus da Siouxsie and the Banshees. Baƙi a wurin Bature launin makoki ne, yaran suka mai da shi kayan ado. Jigon waƙoƙin bai wuce kaɗaici, da soyayyar da ta watse, da mutuwa, da fargabar yaƙin nukiliya da ta rufe Turai a lokacin ba. Shi kansa sunan The Sisters of Mercy na wata ƙungiyar mata masu hidimar cocin Katolika ne da aka kafa a Dublin a 1831, kuma mawaƙin Kanada Leonard Cohen yana da waƙa mai wannan suna tun 1967. Waɗanda suka ari sunan a Leeds kuwa duk ƙartin maza ne. Tun daga nan za ka gane akwai shaƙiyanci a lamarinsu.

Akwatin da ya kori makaɗi

Ingilar 1980 ba ta yi wa matashin arewacin ƙasar daɗi ba. Margaret Thatcher ta hau mulki a 1979, masana'antu suna ta rufewa, zuwa Janairun 1982 marasa aikin yi sun haura miliyan uku. Abin da matasa suke da shi a yalwace lokaci ne, sai kuma wani darasi da punk ya bar musu. A Janairun 1977 ƙungiyar Buzzcocks ta Manchester ta ranci kuɗi wurin dangi da abokai ta buga faifanta da kanta, ya kuma sayu. Kowa ya gane ashe ba sai ka durƙusa wa manyan kamfanonin Landan ba. Ƙananan shagunan faifai irin su Rough Trade a Landan da Red Rhino a York suka haɗa kai suka kafa hanyar rarraba kaya tasu, kowane shago yana kula da yankinsa. A Janairun 1980 har jadawali na daban aka buɗe wa faifan da ba na manyan kamfanoni ba. A wancan zamanin idan an ce ƙungiya mai cin gashin kanta ce, maganar ba ta salon kiɗa ba ce. Ana nufin wanda ya biya kuɗin naɗi, da wanda ya kai faifan shago.

Eldritch ɗan boko ne da bai ƙarasa ba. Ya fara karatun Faransanci da Jamusanci a Oxford ya bari, ya koma Leeds karatun Sinanci, shi ma ya bari. A can ya haɗu da Gary Marx, suka buga ƙaramin faifai kwafi dubu a ƙarƙashin wani kamfani da suka ƙirƙira da kansu, Merciful Release. Burinsu a lokacin bai wuce su ji kansu a rediyo ba. Marx ke kaɗa jita, Eldritch ke buga ganga, kuma shi da bakinsa ya yarda bai iya ba. Sai ya ajiye sandunan ya koma waƙa, suka ɗauko Craig Adams ya riƙe jitar bes, wato mai kaurin muryar nan da ke tafiya tare da ganga, suka sayi wani ɗan akwati ya zama makaɗi. Da wannan tsarin suka yi wasansu na farko ranar 16 ga Fabrairun 1981 a Jami'ar York.

Akwatin sunansa Boss DR-55, ƙirar Japan, bai fi ƙaramin littafi girma ba, da batir yake aiki. Sauti huɗu kawai gare shi. Idan za ka koya masa kiɗa, maɓalli biyu za ka riƙa dannawa: ɗaya na nufin buga, ɗaya na nufin yi shiru, taki bayan taki har 16. Ka gama, sai ya yi ta maimaitawa har batir ya mutu. Ba ya sauri don taro ya yi zafi, ba ya lafawa don mawaƙi ya gaji. Da kuɗi suka fara shigowa aka canza shi da Roland TR-606, sannan TR-808, sannan Oberheim DMX, yau kuma kwamfuta ce, amma sunan Dokta bai canza ba.

Wannan akwatin ya yi abubuwa da yawa a lokaci guda. Ya rage baki ɗaya a rabon kuɗi. Ya rage kayan da za a loda a mota. Ya sa za a iya naɗi a ƙaramin sutudiyo mai arha, kamar wanda suka riƙa zuwa a garin Bridlington na bakin teku, tunda ba a buƙatar babban ɗakin da za a kafa ganguna. Duk wanda ya ga yadda fiyano ɗaya ta maye gurbin makaɗa a sutudiyoyin Kano zai gane lissafin. Sannan ya ba su sauti na daban: ganga mai sanyi marar tausayi, bes na bin ta a guje, jita na yawo a sama, murya a can ƙasa. Wasu ƙungiyoyin Leeds na lokacin, irin su The March Violets da The Three Johns, su ma da na'ura suke kiɗa, har abin ya zama tambarin garin. Abu na ƙarshe shi ne wanda ba wanda ya lura da shi a 1981. Wanda ke riƙe da na'urar shi ke riƙe da ƙashin bayan kiɗan. Mutum zai iya fushi ya tafi, akwati ba ya fushi.

Daga 1982 zuwa 1983 suka yi ta sakin ƙananan faifai ɗaya bayan ɗaya, kowanne da bango baƙi da tambari iri ɗaya, kamar wani babban kamfani ne ke bayansu alhali 'yan mutane ne a gidan haya. "Temple of Love" da ta fito a Oktoban 1983 ta kai lamba ɗaya a jadawalin masu cin gashin kai. A nan ne hanyar ta kai bango. Ƙananan shaguna za su iya sayar maka da dubbai, amma ba su da kuɗin talla, ba su da hannu a rediyon rana, ba su da reshe a Amurka. A 1984 suka sa hannu da WEA, reshen waƙa na kamfanin Warner. Sunan Merciful Release ya ci gaba da fitowa a bangon faifai, amma kuɗin na wani ne.

Kuɗin kafin alƙalami

A nan ya kamata a tsaya a fahimci yadda irin wannan kwantiragin yake aiki, don duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso. Kamfani zai ba ka kuɗin kafin alƙalami, ya biya sutudiyo, ya biya furodusa, ya zuba kuɗi a bidiyo. Kai kana ganin kyauta ce, alhali a littafinsu bashi ne. Kuma ba daga duk cinikin faifan za a cire shi ba, daga ɗan kasonka kaɗai. A ce, a misali, an kashe fam 100,000 a kanka, kasonka kuma fam ɗaya ne a kowane faifai. Sai an sayar da faifai 100,000 kafin ka ga sisin kwabo, alhali kamfanin ya daɗe da mai da kuɗinsa daga nasa kason mai tsoka. Mai adaidaita sahun da ya karɓi mashin bashi yana biya kullum, ranar da ya gama biya mashin ya zama nasa. A nan ko ka gama biya, asalin naɗin na kamfani ne. Ƙari a kan haka, takardar tana ɗaure ka da adadin kundi, kamfani ne ke da zaɓin ci gaba ko tsayawa, kuma muddin kana ƙarƙashinta ba ka da ikon kai muryarka wani wuri.

Kundin farko, First and Last and Always, ya fito a Maris ɗin 1985 ya kai lamba 14 a Birtaniya. A lokacin Wayne Hussey ya shigo a matsayin mai jita, kuma ya iya tsara waƙa mai shiga kunne. Amma aikin ya ci su. Eldritch ya faɗi a tsakiyar naɗin saboda rashin barci da rashin abinci da shan ƙwaya, sai da aka kwantar da shi a asibiti. Marx, wanda da shi aka kafa ƙungiyar, ya fice a Afrilu. Ragowar ukun suka yi wani babban wasa a Royal Albert Hall na Landan ranar 18 ga Yuni, suka tafi Hamburg don fara kundi na biyu, a can aka watse. Hussey da Adams suka koma Ingila, Eldritch ya zauna a Jamus shi da Dokta.

Abin da ya biyo baya shi ne wurin da ya fi ba ni dariya a duk tarihin. Hussey da Adams suka kafa sabuwar ƙungiya suka sa mata suna The Sisterhood, sunan da kowa ya ji ya san daga ina aka samo shi. Eldritch ya ga cewa idan ya bari, masoya za su bi su, shi a bar shi da suna ba jama'a. Bai tsaya cacar baki a jarida kawai ba. Ya shiga sutudiyo a gurguje ya naɗi waƙa ya buga ta a kamfaninsa da sunan The Sisterhood. Da yake muryarsa tana ɗaure a hannun WEA, bai rera da kansa ba, ya sa wani mawaƙi mai suna James Ray. Faifan ya fito ranar 20 ga Janairun 1986, ranar da Hussey da Adams suke wasansu na farko a Landan da wannan sunan. Wato suna kan dandamali, wani faifai mai ɗauke da sunansu wanda ba su san da shi ba yana shago. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Bayan 'yan makonni suka haƙura suka koma The Mission, kuma da wannan sunan suka yi tashe sosai. Eldritch bai tsaya nan ba. A tsakiyar shekarar ya fitar da cikakken kundi da sunan The Sisterhood, aka buɗe shi da muryar mace tana ƙirga lambobi: biyu, biyar, sifili, sifili, sifili. Fam 25,000 ke nan, kuɗin da ɓangarorin biyu suke ja-in-ja a kansa. Sunan kundin Gift, wanda a Turanci kyauta ne, a Jamusanci kuma guba.

Darasin da ya ɗauka a nan shi ya riƙe har yau: a wannan sana'a suna shi ne jari. Masu jita za su zo su tafi, wanda ke da sunan shi ke da ƙungiyar.

Shekarun da suka biyo baya su ne na ɗaukaka, kuma ba su buƙatar dogon bayani. Kundi na biyu, Floodland, ya fito a Nuwamban 1987, ya kai lamba 9. Kusan shi kaɗai ya yi shi da na'urori, sai Patricia Morrison, Ba'amurkiya mai kaɗa bes wadda fuskarta ta cika hotuna da bidiyoyin lokacin. A waƙar "This Corrosion" ya ɗauko furodusa Jim Steinman, mutumin da bai san ƙanƙanta abu ba, aka jera 'yan amshi 40 daga New York a waƙar da ta kusa minti 11, wadda kuma habaici ce ga Hussey. Aka je Petra a Jordan aka ɗauki bidiyo ɗaya, aka je Bombay a Indiya aka ɗauki wani. Mutumin da ya fara da akwatin batir yanzu yana kashe kuɗin Warner kamar ba gobe, kuma ka tuna a littafin wa ake rubuta su. Kundi na uku, Vision Thing na 1990, ya juya ga jita mai ƙarfi da siyasa, sunan ma daga wata suɓutar baki ta Shugaba George Bush babba aka ɗauko shi. A 1991 ya haɗa rangadin Amurka da Public Enemy, ƙungiyar hip-hop ta baƙaƙen fata masu zafin ra'ayi. Tunani ne da ya riga lokacinsa: wasu garuruwa suka hana wasan don tsoron rikici tsakanin masoyan ɓangarorin biyu, aka soke rangadin a tsakiya. A 1992 aka sake naɗar "Temple of Love" da muryar Ofra Haza, mawaƙiyar Isra'ila 'yar asalin Yaman, ta kai lamba 3, matsayi mafi girma da suka taɓa kaiwa. A 1993 aka fitar da tarin tsofaffin waƙoƙi da sabuwa guda ɗaya a ciki. Daga nan ya ja birki.

Yajin

Eldritch ya zargi EastWest, reshen Warner da ke riƙe da shi a lokacin, da rashin iya aiki da riƙe masa haƙƙinsa. Ya ce ba zai sake ba su ko waƙa ɗaya ba. Ba shi kaɗai ke cikin irin wannan halin a shekarun ba. George Michael ya kai Sony kotu a Landan don a warware masa kwantiragi, ya sha kaye a 1994. Prince ya canza sunansa zuwa wata alama a 1993, ya riƙa fitowa da kalmar bawa rubuce a kuncinsa saboda rigimarsa da Warner. Waɗannan manyan taurari ne masu lauyoyi da kuɗi. Eldritch bai kai su ba, don haka ya zaɓi makamin da ba ya cin kuɗi, ya naɗe hannu.

Kamfani yana binsa kundi biyu. Shi ba zai iya zuwa wani wuri ba, su kuma ba za su iya tilasta masa buɗe baki ba. Aka zauna a haka shekara huɗu. A 1997 aka sami mafita mai kama da wasan yara. Ya ce zai ba su kundi ɗaya da wani suna daban, su kuma su sake shi. Suka amince ba tare da sun saurara ba. Abin da ya miƙa musu kiɗan na'ura ne na wani abokin aikinsa a Jamus wanda aka zare wa ganga gaba ɗaya, sai muryarsa can ƙasa tana gunguni. Sunan ƙungiyar bogin jerin baƙaƙe ne sama da 20 da ya fara da SSV, waɗanda aka fassara da zagin masu hannun jari da kiran mutanen Time Warner, uwar kamfanin, wawaye. Kamfanin ya karɓa, ya saurara, ya jefa a durowa. Bai taɓa fitar da shi ba, sai dai kwafin da ya zurara zuwa intanet. Eldritch ya fita da sunansa da muryarsa.

A nan kowa ya zaci sabon kundi zai biyo baya, tunda an cire masa takunkumi. Shiru. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi wuyar fahimta, kuma a ganina dalili biyu ne suka haɗu.

Na farko lissafi ne. Shekara biyu bayan ya sami 'yanci, Napster ta bayyana a 1999, mutane suka fara sauke waƙa kyauta. Daga wannan shekarar zuwa 2014 kuɗin da ake samu a cinikin naɗaɗɗiyar waƙa a duniya ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Da Spotify da ire-irenta suka farfaɗo da kasuwar, abin da ke isa hannun mawaƙi a kowane sauraro ɗan mitsitsi ne, kuma na tsofaffin waƙoƙin da kamfani ya mallaka, ta hannun kamfanin yake bi. A da ana rangadi ne don a tallata faifai. Yanzu faifai ne ke tallata rangadi. To wanda tikitinsa ke sayuwa ba tare da faifai ba, me zai kai shi kashe watanni da kuɗin aljihunsa a sutudiyo? Ga shi kuma ƙungiyar ba ta da nauyi. Ba makaɗi, tun tsakiyar shekarun 1990 ba mai bes ma, Dokta ya haɗa duka biyun. Mutum huɗu ne a dandamali, sai injin hayaƙi. Akwatin da talauci ya sa aka saya a 1981 shi ya sa sana'ar take riƙe kanta bayan shekara 40.

Akwai kuma kasuwar da ke jira. Al'ummar goth ba ta mutu ba da jaridun Landan suka daina yayinta, ƙaura ta yi, musamman zuwa Jamus. Bikin Wave-Gotik-Treffen a Leipzig yana gudana tun 1992, yana tara mutane wajen 20,000 a kowace shekara. M'era Luna a Hildesheim ya fara a 2000, kuma The Sisters of Mercy tana cikin manyan baƙin da ake rufe dare da su. A Ingila akwai taron garin Whitby tun 1994. Mutane ne masu riƙon amana, wanda ya shiga yana ɗan shekara 17 za ka same shi a wurin yana da 55, da 'ya'yansa. Sababbin ƙungiyoyi kuma suna ta fitowa da wannan tsarin na na'ura da bes da murya mai kauri, irin su She Past Away daga Turkiyya da Molchat Doma daga Belarus, wadda TikTok ta ɗaga a 2020. Duk yaron da ya bi sawunsu baya, a Leeds zai tsinci kansa.

Abin mamakin shi ne Eldritch ya tsani a kira shi goth. Shekara da shekaru yana nanata cewa ƙungiyarsa ta rock ce, iyayen gidansa su ne The Stooges da Motörhead da Suicide. Tun farko yakan rera waƙoƙin Dolly Parton da ABBA a wasa don ya tsokani masu ɗaure fuska. A 1997 a Philadelphia ya sa aka cire wasu ƙungiyoyi biyu daga jerin masu buɗe masa wasa saboda shigarsu ta yi kama da ta goth da yawa. Ina gane abin da yake gudu, domin akwai siyasa da barkwanci da zurfin karatu a rubutunsa da laƙabin yake binnewa. Amma ana cin ƙasa ana kuma zagin ta, wannan bai yi mini ba. Mutanen da yake yi wa kallon banza su ne suke sayen tikitin da ya ba shi damar yi wa Warner tutsu.

Dalili na biyu hali ne, kuma a nan ba zan kare shi ba. Mutumin da ya yi shekaru yana kukan kamfani ya danne shi, a cikin gidansa shi ne kamfanin. Mai jita Ben Gunn ya tafi a 1983, Marx da Hussey da Adams a 1985. Da Morrison aka rabu baram-baram a 1989, ita tana maganar kuɗin da take bi, ɓangarensa kuma yana cewa ba ta taka wata rawa a naɗin ba. Tony James da Andreas Bruhn da Tim Bricheno na zamanin Vision Thing duk sun wuce. A Satumban 2023, a ɗakin wasa na Roundhouse da ke Landan, mai jita Dylan Smith ya bar dandamali ana tsakiyar wasa, bai kuma sake dawowa ƙungiyar ba. Mai jita Ben Christo da ya shigo a 2006 shi ne ɗan adam da ya fi kowa daɗewa tare da shi. Faifai abu ne da in ya fita ya fita, kowa zai auna shi da Floodland, 'yan jarida za su ba shi maki, dole a zauna a rubuta wa ke da kaso nawa. Waƙar da ake rerawa a dandamali kawai tana nan a hannun mai ita, yau ya canza baiti, gobe ya jefar da ita. Ga mutumin da bai yarda wani ya riƙe masa komai ba, wannan ya fi masa kwanciyar hankali.

Wanda ya yi asara shi ne mai sauraro. Akwai waƙoƙi irin su "Summer" da "Crash and Burn" da ake rerawa sama da shekara 20, akwai kuma wani sabon rukuni da aka fara ji daga 2019, wasunsu ba su gaza na da ba. Duk wanda yake son jin su daga nesa, sai dai ya nemi abin da wani ya ɗauka da waya a cikin cunkoso, sauti na fashewa, kan wani ƙato ya tare rabin hoton, mai wayar ma yana rera tasa a kusa da makirufo. Na taɓa ɓata dare guda ina kwatanta naɗi uku na waƙa ɗaya daga garuruwa uku, ko zan tsinci baitin da hayaniya ta cinye a ɗaya daga cikin sauran biyun.

A 2016 Eldritch ya faɗa wa wata mujallar waƙa cewa idan Donald Trump ya ci zaɓe, wannan kaɗai ya isa ya sa shi fitar da sabon kundi. Trump ya ci a shekarar, ya sake ci a 2024. A 2023 ƙungiyar ta koma rangadin Amurka karo na farko tun 2008, ɗakuna suka cika. Baitocin sababbin waƙoƙin ana sa su a shafin ƙungiyar na intanet, masoya su haddace su a can, su haɗa da abin da suka ji a naɗin waya, ranar wasa kuma su rera tare da shi daga cikin hayaƙi.